Masu Tara Tsohon Risho

A Turai akwai masu bin kasuwannin gwanjo suna sayen tsofaffin rishon matafiya na tagulla. Wanda aka fi nema shi ne Primus, da Frans Lindqvist ya ƙera a Suwidin a 1892. Ba shi da lagwani, famfo ake bugawa iska ta turo kananzir. A 1911 kamfanin ya fara buga harafi a gindin tanki: A na nufin 1911, B kuma 1912. To, jama'a, nan tarkon yake. Mai A sai ya nemi B, albashi na zurarewa, uwargida na ƙorafin warin kananzir. Da wuya ya daina, domin rishon da ya shekara ɗari, sau da yawa fatar famfo kawai za a sauya masa ya kama ruri.