Littattafan da Ke Hana Ido Barci

Wani tauraron ɗan'adam na sojojin Amurka ya faɗo kusa da wani ƙauye mai suna Piedmont, a jihar Arizona. Aka tura sojoji biyu da dare su ɗauko shi. Da shigarsu garin suka tarar da gawawwaki zube a kan titi, kafin su gama isar da rahoto su ma rai ya yi halinsa. Duk garin mutum biyu ne suka tsira: wani tsoho mai fama da gyambon ciki, da wani jariri da ba ya daina tsala kuka. To, me ya haɗa tsoho da jariri har ajali ya tsallake su?

Da wannan tambayar littafin The Andromeda Strain ya kama makarantansa a 1969, kuma har yau bai sake su ba. Marubucinsa, Michael Crichton, ɗan Chicago ne da aka haifa a 1942, dogo ƙwarai, tsayinsa ya haura mita biyu. Lokacin yana karatun likita a Jami'ar Harvard, yana rubuta ƙananan littattafan tsageru da sunan aro, John Lange, don ya samu na biyan buƙata. Ya karɓi digirin likitanci a shekarar da littafin ya fito, amma bai zauna duba marasa lafiya ba. Alƙalami ya riga ya fi masa allura riba.

Abin da Crichton ya yi a littafin nan shi ne ya zama zubin da mabiyansa ke bi. Ya ɗauki masana huɗu, ya kulle su a wani ɗakin bincike mai hawa biyar a ƙarƙashin hamadar Nevada, ya ba su 'yan kwanaki su gano ƙwayar cutar da ta zo daga sararin samaniya. Ya kuma dasa bam na nukiliya a ginin, wanda zai tashi da kansa idan cutar ta kuɓuce. Sannan ya cika shafukan da zane-zane, da takardun da kwamfuta ta buga, har da jerin littattafan da wai ya duba, wanda cike yake da sunayen ƙirƙira. Mai karatu sai ya ji kamar wani rahoton sirri na gwamnati ne ya faɗo hannunsa.

Amsar tambayar kuwa (wanda bai karanta ba ya yi haƙuri) tana cikin jini. Ƙwayar ba ta iya rayuwa sai a jinin da tsaminsa ke daidai wa daida. Tsohon nan yawan shan asfirin da wani mugun abin maye ya sa jininsa ya yi tsami fiye da kima, jaririn kuma yawan kuka ya sa nasa ya karkata ɗaya ɓangaren. Ba tsafi, ba sa'a. Wanda ya ɗan taɓa darasin kimiyya a sakandare zai iya bin sawun hujjar har ƙarshe, kuma a nan daɗin yake.

Masu son irin waɗannan littattafai, idan aka tambaye su, kusan bakinsu ɗaya: an ɗauka da niyyar babi guda, sai kiran assalatu. Dabarar ba ɓoyayya ba ce. Babi gajere, wani bai wuce shafi uku ba, kuma ba ya ƙarewa sai an bar wani a bakin rami. Akwai wa'adi da ke ƙaratowa, ko iskar shaƙa na ƙarewa, ko abinci, ko mintunan da suka rage wa bam. Masu karanta littattafan soyayya na kasuwar Kano sun san wannan tarkon, don sau nawa littafi na ɗaya ke yankewa a daidai inda dole sai an nemi na biyu. Shi kansa marubuci H. G. Wells, kashi-kashi ya fara sakin labarinsa na mamayar halittun duniyar Mars, The War of the Worlds, a wata mujallar Ingila a 1897, kafin ya zama littafi a 1898.

Amma gudu kaɗai ba ya isa, don labarin ɓarawo da ɗan sanda ma yana gudu. Abin da ya bambanta irin waɗannan littattafai shi ne abin tsoron yana fitowa daga ilimin da ake da shi a hannu, an ɗan ƙara masa taki ɗaya. Dubi Jurassic Park na 1990. Sauro ya ciji dabbar dinoso shekaru miliyoyi da suka wuce, ya maƙale a ƙaron itace, ƙaron ya daskare ya zama kamar dutse. Masana suka zuƙo jinin, suka ciro ƙwayoyin halittar da ke ciki, inda ya yi giɓi suka cike, har da na kwaɗo. Kowane mataki, idan aka ɗauke shi shi kaɗai, yana kama da abin da zai yiwu. Kafin mutum ya ankara ya yarda akwai tsibiri kusa da Kosta Rika inda manya-manyan dabbobi ke yawo, kuma an ɗauke wutar da ke shingensu. Steven Spielberg ya mayar da shi fim a 1993, ya tara sama da dala miliyan 900 a fitowarsa ta farko.

A zahiri abin ba zai yiwu ba. Dinoso sun ƙare kimanin shekaru miliyan 66 da suka shige, alhali mafi tsufan ƙwayar halittar da aka taɓa cirowa, wadda aka samu a ƙasar Girinlan aka bayyana a 2022, shekarunta wajen miliyan biyu ne. Masu karatu sun san haka, bai kuma rage musu komai ba.

Labarin Andy Weir shi ne ya fi nuna irin zumuɗin masu karatun nan. Mai rubuta manhajar kwamfuta ne a Kalifoniya, wanda ya taɓa neman masu buga littafi bai dace ba. Sai ya fara sakin labarin The Martian babi-babi a intanet, kyauta. Labarin wani ɗan sama jannati ne, Mark Watney, masanin tsirrai, da abokan tafiyarsa suka bari a duniyar Mars bisa zaton ya mutu. Ba dodo a ciki, ba mugu. Abokin gabarsa lissafi ne: abincin da ya rage zai kai kwana nawa, ceto zai zo bayan kwana nawa, yaya za a cike tazarar. Ya shuka dankalin Turawa a ƙasar Mars da ya haɗa da bayan gida a matsayin taki, ya ƙona man roka don ya samar da ruwa, har ya kusa tashi da kansa. Weir ya rubuta manhaja ta musamman don lissafa hanyar kumbon da ke labarin, kuma duk inda ya yi kuskure a lissafi ko a sinadari, masu karatu, cikinsu har da injiniyoyi, sukan rubuto su gyara masa, shi kuma ya gyara.

Su ne dai suka matsa masa ya sa littafin a Amazon don su riƙa karantawa a Kindle. Ya sa masa mafi ƙarancin kuɗin da aka yarda, santi 99. Cikin wata uku aka sayi kwafi kusan 35,000. Kamfanin Crown ya buga shi a 2014, Ridley Scott ya yi fim ɗinsa da Matt Damon a 2015. Abin dariya, babban kuskuren littafin yana shafukan farko, kuma Weir da bakinsa ya amsa: iskar Mars ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin tamu ba, don haka guguwar da ta jawo aka bar Watney ba za ta iya ture komai mai nauyi ba. Ya sani, ya bar ta, don yana so yanayin wurin ne ya fara kai hari.

Blake Crouch ya bi ta wata hanyar a Dark Matter na 2016. Wani malamin kimiyya a Chicago aka sace da dare, ya farka a wata Chicago ɗin inda bai taɓa auren matarsa ba, ɗansa kuma ba a haife shi ba. Crouch yakan yi sakin layi da kalma biyu ko uku, har wasu ke gunaguni cewa kamar tsarin fim suke karantawa.

Gunagunin yana da tushe. Mutanen da ke irin waɗannan littattafai sau da yawa ba su da zurfi. Ana tuna tarkon da suka faɗa, a manta halinsu. Akwai kuma matsalar da ta fi wannan. Salon da ke sa ƙirƙira ta yi kama da rahoton masana zai iya ɗaukar kowace irin da'awa. A State of Fear na 2004, Crichton ya yi amfani da zane-zane da ƙananan bayanan ƙasan shafi wajen jefa shakku kan ɗumamar yanayi. Masana yanayi suka yi masa ca, suna cewa ya karkatar da bincikensu, amma duk da haka wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya gayyace shi ya ba da bahasi a 2005, shi da aikinsa ƙaga labari.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1969, shekarar da Andromeda ya fito kuma mutum ya fara taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro da wata halittar sama ta ɗauka yawo a sararin samaniya. A faɗin Najeriya kuma, Tade Thompson, likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Najeriya da ke Ingila, ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019 da Rosewater, wanda ya kafa a Najeriyar shekarar 2066. Deji Bryce Olukotun kuwa Kano ya zaɓa. A littafinsa After the Flare na 2017, wani feshin wuta daga rana ya lalata lantarkin mafi yawan duniya, ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya suka tsira, wata 'yar sama jannati ta maƙale a tashar sararin samaniya da ke shirin rikitowa. Wurin da ake gina kumbon da zai ceto ta yana wajen birnin Dabo, ga 'yan Boko Haram na matsowa, kwanaki kuma na ƙarewa.