Ga daɗi ga tangarɗa: Wasannin bidiyon da gaggawa ta rage wa armashi

Mako guda kacal bayan fitowar wasan Cyberpunk 2077 a watan Disamba na shekarar 2020, kamfanin Sony ya ɗauki matakin da ba kasafai ake ganin irinsa a kan babban wasa ba. Ya cire shi daga kasuwarsa ta intanet ta PlayStation, ya kuma yi alƙawarin mayar da kuɗi ga duk wanda ya saya ya nemi a mayar masa. Wasa ne da aka shafe shekara takwas ana dakonsa, kuma an sayi kwafi miliyan 8 tun kafin ranar fitowarsa. Da masu PlayStation 4 da Xbox One suka kunna shi, sai suka tarar da motoci suna nutsewa cikin kwalta, mutanen gari sun ƙame da hannuwa a buɗe kamar an kafe su, hoto yana sarƙewa, wasan kuma yana mutuwa a tsakiyar labari.

Duk da haka, da yawa daga cikin masu ƙorafin ba su ajiye shi ba. Birnin Night City da aka gina a cikinsa ya ja hankalinsu, labarin ɗan haya mai suna V ya riƙe su, haka ma rawar da ɗan fim Keanu Reeves ya taka a matsayin Johnny Silverhand. Suna buga wasan suna tsaki, in ya mutu su sake kunnawa. A nan ne irin waɗannan wasanni suka bambanta da wasan da ba shi da daɗi tun asali. Wanda ba shi da daɗi ana mantawa da shi cikin mako guda. Mai daɗin da aka fitar bai nuna ba kuwa, shi ne ke barin takaici, domin mai wasa yana hango abin da ya kamata a ce ya samu a kuɗinsa.

Sauri ya haifi nawa

Kamfanin CD Projekt Red na birnin Warsaw a ƙasar Foland ba sabon shiga ba ne. Shi ya fitar da The Witcher 3 a 2015, wasan da ya ɗaga sunansa a duniya. An sa ranar 16 ga Afrilu, 2020 domin fitar da Cyberpunk 2077, aka ɗage zuwa Satumba, aka sake ɗagewa zuwa Nuwamba, daga ƙarshe aka tsaya a kan 10 ga Disamba. A watannin ƙarshe an wajabta wa ma'aikata yin aikin kwana shida a mako, duk da cewa shugabannin kamfanin sun taɓa cewa ba za su tilasta wa kowa aikin wuce lokaci ba.

Abin da ya fi ɓata wa masu saye rai shi ne yadda aka ɓoye musu gaskiya. Kafin fitowar wasan, nau'in kwamfuta kawai aka ba masu sharhi su gwada, kuma a kwamfuta mai ƙarfi wasan yana tafiya daidai gwargwado. Ba a nuna musu yadda yake a tsofaffin na'urori ba, alhali miliyoyin masu saye su suke da su. A watan Janairun 2021 ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, Marcin Iwiński, ya fito a bidiyo ya nemi afuwa, ya ce laifin na shugabanni ne, kada a ɗora wa ma'aikata. Masu hannun jari ma sun kai kamfanin kotu a Amurka, aka sasanta a kan dala miliyan 1.85.

Babban wasa irin wannan aiki ne mai sassa dubbai da dole su yi aiki tare: zanen gari, motsin mutane, sauti, hasken rana da inuwa, da dabarar da ke sa abokan gaba su san inda za su ɓuya. Watannin ƙarshe na gwaji ne da gyara. Amma kuɗin talla an riga an kashe, an yi wa masu hannun jari alƙawari, kasuwar ƙarshen shekara kuma ba ta jiran kowa. Idan lokaci ya ƙure, abin da ake fara yankewa shi ne lokacin gwajin.

Tsohon ciwo ne

Wannan matsala ta girmi Cyberpunk nesa ba kusa ba. A watan Nuwamban 2004 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Troika Games ya fitar da Vampire: The Masquerade – Bloodlines, labarin masu shan jini da ke rayuwa a ɓoye a birnin Los Angeles. Masu sharhi sun yaba rubutunsa da yadda mai wasa ke da hanyoyi da dama na warware matsala guda, amma kurakuran da ke cikinsa sun yi yawa, har akwai wanda ke hana wasu ci gaba da labarin. Ga shi kuma ya fito a rana guda da Half-Life 2, wasan da ya mamaye kasuwa a lokacin. Cikin 'yan watanni, a farkon 2005, Troika ya rufe. Masoya wasan ne suka ɗauki nauyin yi masa faci da kansu, ba tare da an biya su ko sisi ba, kuma sun shafe shekaru suna yi. Yau ana lissafa shi cikin fitattun wasannin zamaninsa.

Haka ta faru da Fallout: New Vegas, wanda kamfanin Obsidian ya haɗa cikin kimanin wata 18 ya fito a Oktoban 2010. Mutane da yawa na ganin ya fi sauran 'yan'uwansa zurfin labari, amma a farkon fitowarsa yana yawan daskarewa, wasu ma sun rasa ajiyar wasan da suka shafe sa'o'i suna tarawa. Wannan ya ja wa kamfanin asara ta zahiri. Ɗaya daga cikin marubutan wasan, Chris Avellone, ya bayyana a 2012 cewa yarjejeniyarsu da Bethesda ta tanadi ƙarin kuɗi idan wasan ya samu maki 85 a shafin Metacritic, mai tattara ra'ayin masu sharhi. Maki 84 ya samu.

Da ƙwallo ta zama abin dariya

Ga matasan da suka taso suna layi a shagunan wasa domin buga PES ko FIFA, babu misalin da ya fi kusa da gida kamar na eFootball 2022. Kamfanin Konami na Japan ya jingine sunan Pro Evolution Soccer, ya sauya manhajar da yake gina wasan a kanta, ya fitar da sabon kyauta a ranar 30 ga Satumba, 2021. Ƙungiyoyi tara kawai ake iya zaɓa, kuma babu Master League, sashen da mai wasa ke riƙe ƙungiya yana saye da sayar da 'yan wasa, wanda shi ne ƙashin bayan PES a wurin da yawa. Cikin sa'o'i hotunan Lionel Messi da Cristiano Ronaldo da fuska a murɗe suka cika kafafen sada zumunta, tare da 'yan kallon da suka yi kama da gumaka. A lokacin ya zama wasan da ya fi kowanne samun mummunan ra'ayi a kasuwar Steam. Konami ya nemi afuwa, cikakken gyara kuma bai iso ba sai a Afrilun 2022.

Waɗanda suka daure sun lura cewa a ƙarƙashin wannan ɓarna akwai ƙwallo mai ma'ana, musamman yadda ake riƙe ta da kare ta da jiki. Daga baya wasan ya farfaɗo, ya samu karɓuwa sosai a wayar hannu. Sai dai watanni shida na farko sun isa su kori wasu tsofaffin masoyansa zuwa wajen abokin hamayya.

Lahanin da aka saka da gangan

Ba kowane lahani ne kuskure ba. Star Wars Battlefront II da kamfanin EA ya fitar a Nuwamban 2017 yana da kyan hoto da sauti, kuma yaƙin cikinsa yana da daɗi. Abin da ya ɓata shi tsari ne da aka zauna aka shirya. An kulle manyan jarumai irin su Darth Vader, har masu wasa suka yi lissafin cewa sai an yi kusan awa 40 ana bugawa kafin a buɗe guda ɗaya. Ƙarfin da ɗan wasa ke samu kuma an ɗaure shi da wasu akwatunan sa'a, waɗanda ake iya saya da kuɗi ba tare da sanin abin da ke ciki ba. Ƙorafi ya yi ƙamari har EA ya dakatar da sayen ana gab da fitar da wasan.

Maganar ba ta tsaya a wajen masu wasa ba. A Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan akwatuna a wasu wasanni, ciki har da FIFA 18, caca ce a ƙarƙashin dokar ƙasar. A farkon 2019 EA ya daina sayar da makin FIFA da ake sayen akwatunan da shi a Beljiyam. Ga iyayen da 'ya'yansu ke buga waɗannan wasanni, wannan lahani ya fi motar da ke nutsewa cikin kwalta haɗari, domin ba ya kama da matsala. Yaro yana ganinsa a matsayin wani sashe na wasan.

Gyara yana zuwa, amma ga wa?

Akwai labaran da suka ƙare da daɗi. No Man's Sky, wanda wani ƙaramin kamfani a garin Guildford na Ingila mai suna Hello Games ya fitar a Agustan 2016, ya zo ba tare da abubuwa da dama da shugabansa Sean Murray ya yi magana a kansu ba, musamman haɗuwa da sauran masu wasa a sararin samaniya. Kamfanin ya yi shiru, ya koma bakin aiki. A Yulin 2018 ya kawo wasan haɗin gwiwa, ya ci gaba da ƙara sabbin abubuwa shekara bayan shekara ba tare da karɓar ƙarin kuɗi ba.

Cyberpunk 2077 ma ya miƙe. Ya koma kasuwar PlayStation a Yunin 2021. A Satumban 2023 aka yi masa gyaran da ya sauya tsarin 'yan sanda da na ƙwarewar jarumi, aka ƙara sabon babi mai suna Phantom Liberty wanda Idris Elba ya fito a ciki. Zuwa ƙarshen 2024 an sayar da kwafi sama da miliyan 30.

Sai dai wannan babban gyara bai je PlayStation 4 da Xbox One ba. An yi shi ne domin kwamfuta da sabbin na'urori kawai. Wato mutanen da suka fi shan wahala a 2020 su ne aka bari a baya, sai dai in sun sayi sabuwar na'ura. A ƙasa irin Najeriya, inda har yanzu PlayStation 4 ke aiki a gidaje da shagunan wasa da dama, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Tsarin fitar da wasa yau a gyara gobe ya ginu ne a kan zaton cewa kowa yana da intanet mai sauri da araha, da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa. Faifan da aka saya a kasuwa sau da yawa yana ɗauke ne da nau'in farko, mai dukkan kurakuransa, gyaran kuma kan kai gigabait gommai. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Mai saye a Abuja ko Kano ya biya kuɗin wasa, sannan ya biya kuɗin sauke gyaran kuskuren da ba shi ya yi ba, wani lokacin ma har da man janareta.

Kada a yi cinikin biri a sama

Kariyar da mai saye yake da ita ba ta da yawa, amma tana aiki. Biyan kuɗi kafin fitowar wasa ba ya ƙara komai sai 'yan kayan ado, tunda wasan da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa a kasuwa. Kafin a saya, yana da kyau a nemi bidiyon wasan a kan irin na'urar da mutum yake da ita, domin tallar kamfani kusan kullum daga na'ura mafi ƙarfi ake ɗaukarta. Kasuwar Steam tana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a buga fiye da awa biyu ba, amma sharuɗɗan sauran kasuwanni sun bambanta, faifan da aka saya a hannu kuwa sai yadda mai shago ya ga dama. Wanda ya yi haƙurin wata shida ko shekara, galibi yakan samu wasan a gyare kuma a farashi mai sauƙi.

A Mayun 2025 kamfanin Rockstar ya sanar da ɗage fitowar Grand Theft Auto VI zuwa 2026, yana mai cewa yana buƙatar ƙarin lokaci domin kammala aikin yadda ya kamata. Masu jira da yawa sun karɓi labarin da haƙuri, abin da ke nuna cewa darasin 2020 ya shiga. Amma ɗagewa kaɗai ba ta tabbatar da komai, domin Cyberpunk 2077 sau uku aka ɗage shi kafin ya fito a yadda ya fito.