Kuɗin 'Yan Ci-rani: Tukunya Ko Fadama?

'Yan'uwa fatake, duk mai cin kasuwar shanu ta Gene ya san Tumbutu, ta ƙasar Malanbil muke nufi, ba ta Mali ba. Samarinta da dama suna ci-rani a Kwatano da Legas, suna aiko da kuɗi gida. To, ina kuɗin nan ke shiga?

Hukumar IFAD mai kula da noma a Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na irin wannan kuɗi a abinci da magani da makaranta yake ƙarewa. Ba laifi, ciki ba ya jira. Sauran kashi ɗayan ne ake ta shawara a kansa.

A shekarar 2002 gwamnatin Meksiko ta fito da wata dabara: duk peso ɗaya da ƙungiyar 'yan ci-rani ta zuba wa garinsu, gwamnatin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma kowacce ta ƙara ɗaya. An yi hanyoyi, an jawo ruwa, amma gona ba ta samu kaso mai tsoka ba, daga baya ma gwamnati ta janye hannunta.

A Benin hanyar daban ce. Asusun FNDA yana tsaya wa manomi ya ci bashi a banki ko a ƙananan asusun ajiya. Sai dai mai ba da bashi yana son ya ga naka tukuna. Nan ne kuɗin ɗan ci-rani ke da rana, in an tara shi wuri guda maimakon a aiko shi tsiyaye-tsiyaye.

Me ya shafi falke? Tun Disamban 2019 Benin ta hana garken ƙetare shigowa kiwo, kuma tana matsa wa makiyaya su zauna wuri ɗaya. Saniyar da ba ta yawo, sai an kai mata abinci. Injin ban-ruwa guda a fadamar Tumbutu zai ba da albasa da shinkafa, ya bar maka tattaka da dusa, in ka haɗa da wake ga harawa. Wanda ya turke bijimi biyu da wannan, mu ne masu sayensa.

Amma a yi lissafi da kogi: ambaliyar 2010 ta cinye gonakin bakin ruwa. A yi lissafi da iyaka kuma, don da aka rufe gadar Gaya a 2023, mai albasa da mai shanu duk sun ji a jikinsu.