Tarihin ƙauyukanmu yana bakin tsofaffi

Duk wanda ya buɗe littafin tarihin ƙasarmu Nijar zai iske sunayen sarakuna a jere, irin su Tanimun na Damagaram da Ɗan Kasawa na Maraɗi, da yaƙoƙin da suka yi, da birnen da suka gina. Wannan bai zama abin mamaki ba, domin sarki yana da makaɗa da maroƙa da malaman fada waɗanda aikinsu ke nan su riƙe sunansa. Amma manomin da ke zaune a wata tunga mai nisan yini guda daga hanyar mota, da tsohuwar da ta ga yunwa uku da idonta, ba su da makaɗi. Abin da suka sani yana cikin kansu, kuma ran da aka kai su makwanci da shi ake rufe su.

Kada mai karatu ya ɗauka tatsuniyar gizo da ƙoƙi kaɗai ake nufi. Mutanen karkara ba su ƙirga shekaru da lamba, suna suke raɗa musu. Yunwar 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Ta 1984 kuwa aka kira ta El Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya. Masanin tarihi Bureima Alfa Gado ya bi diddigin irin waɗannan sunaye cikin littafinsa na tarihin yunwa a Sahel, wanda ya fito a 1993. Bayan kowane suna akwai ilimi: kwana nawa ake jiƙa anza ana sake mata ruwa kafin ɗacinta ya fita, yadda ake sussukar ƙarangiya a sami tsaba, wace rijiya ce ba ta ƙafe ba, ina mutane suka nufa da dabbobinsu. Ƙasar da fari ke komo mata ba ta da dalilin barin wannan sani ya salwanta.

Haka nan maganar gonaki. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar ƙasa ta hanyar gargajiya, to amma idan gardama ta tashi a kan iyakar gona ko burtali, shaidar dattawa ake nema: wa ya fara sare dajin, wa aka ba aro, wace itaciya ce alama. In dattijon ya rasu ba a rubuta ba, sai rantsuwa da rikici tsakanin manomi da makiyayi.

Sai kuma abin da takardun Nasara suka faɗa rabi suka bar rabi. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa, ta gwabza da mutanen Sarauniya a Lugu cikin Arewa, ta yi ɓarna mai yawa a Birnin Ƙonni, kafin shugabanninta biyu su halaka a wajen Maijirgi. Rahoton sojan Faransa yana nan a ajiye. Abin da mazauna garuruwan suka gani, da inda suka ɓuya, da waɗanda aka kashe musu, baki ne ya riƙe shi. Abdullahi Mamani ya rubuta littafin Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi silima a 1986, amma ƙauyuka nawa ne a kan wannan hanya da ba a taɓa zama da tsofaffinsu ba? Waɗanda suka gani sun daɗe da tafiya. Yau jikoki da tattaɓa kunne ne ke ba da labarin.

Gaskiya ne an yi ƙoƙari. Tun 1962 ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta riƙa tura mutanenta da rikoda suna ɗauko muryar talakawa. A 1968, da taimakon UNESCO, aka kafa a Yamai cibiyar tattara tarihin baka, wadda ta koma hannun Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974 da sunan CELHTO. Marigayi Bubu Hama da marigayi Julde Laya sun ba wannan aiki rayuwarsu, kuma cibiyar bincike ta IRSH tana riƙe da dubban takardun Larabci da na ajami. Sai dai akwai gyara. Sau da yawa akan ɗauki maganar tsoho a kai ta Yamai, a juya ta da Faransanci, ta shiga littafin da ɗansa ba zai iya karantawa ba, ƙauyen kuma ba ya sake jin ɗuriyarta. Mu masu aikin fassara mun san abin da ke zubewa a hanya: gandu daban, gamana daban, amma mai fassara cikin gaggawa kalma guda zai ba su, shi ke nan an shafe bambancin gonar gida da ta mace ko saurayi. Kirari kuwa, in an fassara shi, ƙashinsa kaɗai ke saura. Ga kuma kasat, wadda zafi da ƙura ke ci a hankali.

A nan ne ɗaliban yaƙi da jahilci suke da babban rabo. Tun 1963 ƙasarmu ke koya wa manya rubutu da harshensu, kuma wanda ya sami takardar shaida yana da abin da baƙon mai bincike ba ya da shi: shi ɗan gari ne, an san ubansa, ba a yi masa rowar magana. Littafin rubutu guda da alƙalami sun isa a fara. Mai salula ya haɗa da ɗaukar murya. A kan shafi ya sa sunan mai magana, da garinsu, da ranar, da wanda ya ji labarin daga bakinsa. Ya rubuta yadda aka faɗa: in tsoho ya ce hwara ko tahi, kada a gyara masa zuwa fara da tafi. In dattawa biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun, ba aikin marubuci ba ne ya yanke hukunci. A nemi tsofaffin mata, waɗanda aka cika mantawa da su, alhali su ke riƙe da salsalar aure da zumunta da abincin shekarun wuya. Abin da maharba ko ƴan bori suka ce asiri ne, a bar musu abinsu.

Hukumomi kuma nasu ba shi da tsada: takarda, da kabad mai makulli a ma'aikatar magajin gari inda gara ba ta kai, da kwafi guda da za a aika Yamai. Gidajen rediyon karkara, waɗanda suka yaɗu tun bayan na Bankilare a 1999, su ware lokaci a mako su mai da wa mutane muryar iyayensu, domin wanda ya ji an yi kuskure ya zo ya gyara. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kai hatsi rumbu, kafin matasa su tafi cin rani, a je da la'asar, a riƙe goro.