Faɗuwa Daga Gasa: Shin Ya Dace A Ɗora Wa Yara Wannan Kaya?

Sanin duk mai bibiyar ƙwallon ƙafa ne cewa idan watan Mayu ya kama, idanun 'yan kallo kan rabu gida biyu. Wasu na saman teburi suna jiran wanda zai ɗaga kofi, wasu kuwa na can ƙasa suna lissafin maki domin sanin ƙungiyoyin da za su yi sallama da gasar. Wannan tsari na hawa da faɗuwa, wato a ɗaga waɗanda suka fi ƙwazo a ƙaramin rukuni zuwa na sama, a kuma sauko da waɗanda suka zo ƙarshe, shi ne gishirin gasannin Turai tun da Ingila ta soma shi a shekarun 1890, kuma a ajin manya da wuya ka sami mai son a taɓa shi. Amma da zarar an gangaro kan yara da matasa, sai zancen ya canja. Ƙasar Jamus, wadda ba a san ta da wasa da sakamako ba, ta soke faɗuwa ga manyan kulob-kulob a gasanninta na 'yan ƙasa da shekara 17 da 19 daga kakar wasa ta 2024/25, kuma muhawarar da wannan mataki ya tayar ta cancanci mu tsaya mu dube ta da kyau.

Sai mun ɗan koma baya kafin a fahimci yadda aka zo nan. A gasar cin kofin nahiyar Turai ta 2000, Jamus ta fita tun a zagayen rukuni da maki ɗaya tal. Wannan abin kunya ya sa aka wajabta wa kowane kulob na Bundesliga buɗe makarantar horar da yara, aka kuma kafa gasar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 19 a 2003, sannan ta 'yan ƙasa da 17 a 2007. Kowace an kasa ta shiyya uku, ƙungiya 14 a kowace shiyya, uku na ƙarshe su faɗi. An kwaikwayi gasar manya sak. Da Jamus ta ci Kofin Duniya a Barazil a 2014, duniya ta yi ta tururuwa zuwa can domin koyon sirrin. Shekara huɗu bayan haka sai ga ta ta fita a zagayen rukuni a Rasha, ta sake maimaita haka a Ƙatar a 2022. Ruwa ba ya tsami banza. Masu bincike a hukumar ƙwallon ƙasar, wato DFB, suka ce makarantun suna yaye 'yan wasa masu bin umarni da sanin dabarun tsayuwa a fili, amma an rasa masu yanka da ƙwallo, an rasa 'yan gaba masu cin raga, an rasa masu ƙarfin halin yin abin da koci bai faɗa ba. Cikin abubuwan da suka ɗora wa laifi har da tsoron faɗuwa.

Domin mai karatu ya gane hujjarsu, ya sa kansa a matsayin kocin ƙungiyar 'yan shekara 16 wadda ta rage wasa biyar a kaka, tana kuma maki biyu kacal sama da ramin faɗuwa. Kwantiraginsa na shekara ɗaya ne ko biyu. Ya san idan ƙungiyar ta faɗi, yaran da suka fi hazaƙa za su kwashe kayansu su koma kulob ɗin maƙwabta, iyayen na ƙasa da su za su daina kawo nasu, shi kuma aikinsa ya tafi. Yana da yara biyu masu neman gurbi ɗaya a tsakiyar fili. Na farko an haife shi a watan Janairu, jikinsa ya riga ya buɗe, yana da tsawo da ƙarfin ture abokin karawa. Na biyu an haife shi a Disamba na shekarar, siriri ne, ƙafarsa na da daɗi, idonsa na ganin fili, amma sau uku cikin goma zai yi yunƙurin yanke mutum a ƙwace ƙwallon. Wa zai saka ranar Asabar? Ko ni ne, na farkon zan saka, kuma babu mai ganin laifina. Sai dai abin da ya bambanta yaran nan biyu a yau, wato wata goma sha ɗaya na girman jiki, zai shuɗe kafin su kai shekara 21, alhali wanda aka ajiye a benci ya yi asarar wasannin da ba za su dawo ba. Masana sun daɗe da lura cewa a yawancin makarantun ƙwallon Turai, inda ake yanke shekarun yara daga 1 ga Janairu, waɗanda aka haifa a farkon shekara sun rinjayi na ƙarshenta nesa ba kusa ba.

Haka abin yake a salon wasa. Ƙungiyar da ke gudun faɗuwa ba ta fara gina wasa daga baya, domin kuskure ɗaya na ɗan baya ya isa ya jawo asarar maki uku. Sai a ce wa mai tsaron gida ya buga ta gaba, a tare gida, a jira bugun kwana. Da wannan ana iya tsira a kaka ɗaya, amma ɗan bayan da bai taɓa koyon karɓar ƙwallo cikin matsi ba yana da shekara 16, ba zai koya ba yana da 25. Akwai kuma wani rashin adalci da ba a cika ambata ba, wanda a ganina ya fi duk sauran ƙarfi. A ƙungiyar manya, waɗanda suka faɗi su ne za su ɗanɗana kuɗarsu a kaka mai zuwa. A ƙungiyar matasa kuwa kusan rabin 'yan wasan kan wuce shekarun gasar a ƙarshen kowace kaka, ta yadda ƙannensu ne za su gaji hukuncin laifin da ba su aikata ba. Wani ya ci kashi, an bar wani da warin baki.

Sabuwar gasar da DFB ta kawo ta kasu zango biyu. A zangon farko ana raba ƙungiyoyi rukuni-rukuni bisa kusancin garuruwa, domin rage doguwar tafiya ga yaran da har yanzu 'yan makaranta ne. Waɗanda suka fi ƙwazo sai su shiga rukunin A, inda daga nan ake zuwa zagayen sili ɗaya ƙwale har a fitar da zakara, sauran kuma su shiga rukunin B. Duk kulob ɗin da ke da makarantar da hukuma ta amince da ita yana da kujerarsa a kaka mai zuwa, ko da ya sha kashi a kowane wasa. An kuma ƙara yawan canjin 'yan wasa zuwa bakwai, don duk yaron da aka rubuta sunansa ya iya taka fili. Kofi dai yana nan: a 2025 ƙungiyar Kolon ce ta zama zakarar farko ta 'yan ƙasa da shekara 19, bayan ta doke Bayer Leverkusen da ci 5 da 4 a wasan ƙarshe. Ingila ma ta bi kusan wannan hanya tun kafin nan, inda daga kakar 2023/24 ta haɗe rukuni biyu na gasar 'yan ƙasa da shekara 21 ta manyan makarantu suka zama ɗaya, babu hawa babu sauka.

Surutun da ya fi yawa a Jamus, abin mamaki, a kan ƙananan yara aka yi shi. Daga 2024 an wajabta cewa 'yan ƙasa da shekara 11 su riƙa wasa a ƙananan filaye, mafi ƙanƙantarsu biyu-biyu ko uku-uku da 'yan ƙananan raga huɗu, kuma an cire teburin gasa ga 'yan ƙasa da shekara 9. A watan Satumba na 2023, Hans-Joachim Watzke, wanda a lokacin yake jagorantar gudanarwar Borussia Dortmund kuma mataimakin shugaban DFB ne, ya fito ya caccaki shirin, yana mai cewa yaron da bai san ɗacin shan kaye ba, ba zai sami ƙarfin neman nasara ba. Magana ce mai shiga kunne, kuma dattawa da yawa sun gyaɗa kai. Sai dai wanda ya karanta ƙa'idar zai ga ba haka abin yake ba. Ana jera filaye ne a ranar wasa, a buga 'yan mintuna, wanda ya ci ya matsa filin gaba, wanda aka ci ya koma na baya. Ke nan yaro na iya hawa da faɗuwa sau biyar ko shida a safiya ɗaya, ya yi kukansa, ya share hawaye, ya sake gwadawa. Abin da aka cire shi ne teburin da uba da koci ke ɗauka su kai gida, su yi wata tara suna auna yaro ɗan shekara 8 da shi. A kan wannan ɓangare ba na jin akwai wata doguwar gardama.

Inda gizo ke saƙa shi ne kan manyan matasa, kuma a nan masu suka suna da abin faɗa. Yaran Jamus da suka ci kofin Turai da na duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2023 duk a tsohon tsari suka taso. Italiya kuwa hanyar da Jamus ta baro ita ta kama: ta shigo da hawa da faɗuwa a gasar matasanta ta Primavera a 2017, domin a ganinta wasannin da babu abin da ke kansu ne ke lalata yara, kuma bayan haka ta ci kofin Turai na 'yan ƙasa da 19 a 2023 da na 'yan ƙasa da 17 a 2024. Wannan bai tabbatar da cewa faɗuwa ce ta kawo kofunan ba, amma ya isa ya hana kowa cika baki. Saurayi ɗan shekara 18 da ake sa ran baɗi zai buga gaban mutum dubu hamsin, a ƙungiyar da albashin ma'aikatanta ya rataya kan kada ta faɗi, yana buƙatar ya san nauyin irin wannan wasa tun kafin ranar.

Abin da ya fi damuna shi ne wa aka cire wa tsoron. Manyan kulob-kulob masu makarantu aka ba kujerar dindindin. Ƙananan ƙungiyoyin 'yan dagaji, waɗanda iyaye da 'yan sa-kai ke riƙe da su, su har yanzu sai sun yi gumi sun shigo, kuma idan ba su taka rawar gani ba a koma da su inda suka fito. A fili ɗaya ke nan wani yana wasa da kwanciyar hankali, wani yana wasa da wuƙa a wuya, kuma mai kuɗin ne aka sauƙaƙa wa. Hawa da faɗuwa, duk da aibinsa, shi ne tsanin da ƙaramin kulob na ƙauye ke bi ya kunyata babba. Wanda yake son ganin ƙarshen hanyar rufe ƙofa ya dubi Amurka, inda manyan gasannin matasa irin su MLS Next, wadda aka kafa a 2020, ake shigarsu da takardar nema da amincewar masu gasar, kuma a yawancin kulob-kulob iyaye ke biyan dubban daloli a shekara. A can kocin ba ya tsoron faɗuwa, amma yana tsoron iyayen da ke biyan kuɗi, kuma ɗan talaka ko ƙofar filin ba ya gani.

Mu a nan Nijeriya mun san abin da yunwar sakamako ke haifarwa a ƙananan matakai, har ma fiye da Jamusawa. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa da aka buga a Bauchi, ƙungiyar Plateau United Feeders da Police Machine sun zo wasan ƙarshe da maki ɗaya, yawan ƙwallaye ne zai raba su. Aka tashi Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema, alhali a hutun rabin lokaci 7 da 6 ne kacal. Ƙwallo 72 cikin minti 45! Hukumar NFF ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma, ta kuma haramta wa 'yan wasan ƙwallo har abada. Ba gasar yara ba ce a hukumance, amma Feeders ƙungiyar rainon matasa ce, kuma samari ne aka kashe wa sana'a saboda hawan da manya ke so. Kazalika mun ci Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma a 2016 'yan wasa 26 suka faɗi gwajin ƙashi na tantance shekaru gab da karawa da Nijar, wadda ta fitar da mu. Kocin Jamus mai tsoron faɗuwa yana zaɓen yaron Janairu ne. Namu yana zaɓen wanda ya girmi takardar haihuwarsa.

Duk da haka ba zan ce a kwafo tsarin Jamus a dasa a nan ba. Abin da ya ba su damar cire faɗuwa shi ne suna da wani ma'aunin da ya maye gurbinta. Makarantar kulob ba ta samun amincewa sai an duba filayenta, da takardun kocinta, da likitanta, da yadda take kula da karatun yaran, kuma ana sake dubawa lokaci-lokaci. Ingila ma tun 2012 take kasa makarantunta aji huɗu bisa irin wannan bincike, ana ɗaga wasu ana sauke wasu. Wato faɗuwar tana nan, an ɗauke ta ne daga kan yara aka mayar kan shugabannin kulob. A inda babu masu binciken da ba a saye, cire teburi zai bar zaɓen masu shiga gasa a hannun wanda ya san wani a ofis, kuma gara alƙalancin maki, duk da makantarsa, da alƙalancin sanayya. Yaran da suka shiga sabon tsarin Jamus suna shekara 15 a 2024 ba za su kai ganiyarsu ba sai wajen 2032, saboda haka kafin lokacin abin da za a iya ƙirgawa shi ne ƙungiyoyin 'yan dagaji nawa ke tsira a gasar kowace kaka, da kuma yaran Disamba nawa ke samun riga ranar Asabar.