Doya Da Gawayi Na Tafiya Abuja: Me Ke Komawa Gonakin Suleja?

Duk wanda ya bi hanyar Suleja zuwa Abuja da sassafe, ya wuce Madalla da gindin Dutsen Zuma, ba zai rasa ganin motoci shaƙe da doya da itacen girki da buhunan gawayi ba. Kuɗin kayan nan yakan dawo aljihun manomi, amma abin da suka tsotsa daga ƙasa ba ya dawowa.

Masana kimiyyar muhalli sun nuna cewa abubuwa biyu ke riƙe da rayuwar daji da gona, kuma tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Na farko shi ne ƙarfin da ke zuwa daga rana. Ganye yakan kama hasken, ya haɗa shi da ruwa da iska ya yi abinci. Fara ta ci ciyawa, ƙadangare ya ci fara, shaho ya sure ƙadangare. A kowane mataki, yawancin ƙarfin yakan ƙare a wajen motsi da numfashi, ya fice a matsayin zafi. A 1942 wani Ba'amurke, Raymond Lindeman, ya bayyana wannan tsari bayan nazarin wani tafki a Minnesota, kuma daga aikinsa ne aka sami ƙiyasin cewa kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai ke wucewa zuwa mataki na gaba. Shi ya sa ciyawa ta cika daji, shaho kuwa sai ɗai-ɗai. Wannan asara ba abin damuwa ba ce, tun da gobe ma rana za ta fito.

Na biyu kuwa, watau sinadaran abincin tsiro irin su nitrojin da fosfaras da fotash, ba a aiko su daga rana. Zagayawa suke yi. Saiwa ta zuƙo su, ganye ya bushe ya faɗo, sa'an nan gara da tana da buzuzu da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani su ruɓar da shi, su mai da shi ƙasa. Manoman Gwari na wannan yanki sun san haka tun kaka da kakanni, ko da yake ba da waɗannan sunaye ba. Sukan yi kunyar doya a sabuwar gona, in ta gaji su bar ta saura shekara da shekaru, gamba da kirya da maje su sake rufe ta. Bayan girbi kuma Fulani su sauka da shanu, su ci kara su bar taki.

Tun da aka tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976, har garin Abu Ja ya bar wa birnin sunansa ya koma Suleja, al'amari ya sake. Gwamnati ta tare a Abuja a 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa suka cika Suleja, gidaje suka hau gonaki, lokacin hutun saura ya ragu. Ga kuma ƙunar daji da rani saboda farautar gafiya da zomo. Masu yin ta sukan ce toka taki ce. Gaskiya ne toka tana da fotash, amma nitrojin yakan bi hayaƙi, ragowar kuma iskar hunturu ta kwashe, ko ruwan farko ya wanke ta zuwa Kogin Iku.

Kano ta daɗe da samun dabara a kan wannan. Masani Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin ƙauyukan kewayen birnin a shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna kan shigo da itace, su koma gona da mangalar taki daga bolar birni, har ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu. Bolar yau kuwa ta cika da leda da fasassun kwalabe, sai an tsince kafin manomi ya yarda ta shiga gonarsa.

Takin zamani yana cike wani giɓi, amma buhun yuriya nitrojin ne kurum, kuma ba ya ba gara da tana abin ci. Saboda haka malaman gona ke nanata a riƙa cuɗanya hatsi da wake ko gyaɗa ko waken suya, waɗanda ƙulle-ƙullen saiwarsu ke kamo nitrojin daga iska, a kuma bar kara ya ruɓe a gona maimakon a cinna masa wuta.