Gidan Kiɗan da Cinikinsa Ba Ya Riƙe Shi

Ƙarfe goma na safe ake fara atisaye a gidan kiɗa na wani matsakaicin birni a Jamus. Kafin makaɗa su iso, ma'aikata sun riga sun jera kujeru kusan tamanin, kowace da takardar kiɗa a gabanta. Wannan taro shi ake kira okestra. Masu goge, ƙanana da manya, sun fi rabi, sai masu busa, sai masu ganguna can baya. Mai algaita zai busa murya guda, kowa ya daidaita kayansa da ita, sannan jagora ya ɗaga sanda.

Lissafin da ake yi a ofishin manaja ya sha bamban da na kamfani. Mai masana'anta in kasuwa ta ja baya sai ya rage ma'aikata ko ya sayo inji. A nan kuwa wanda ya tsara kiɗan shi ya yanke yawan ma'aikata, kuma ya daɗe da barin duniya. Inda Beethoven ya rubuta masu ƙaho huɗu, huɗun za a biya, kuma kiɗan da ke cin awa guda a zamaninsa yau ma awa guda yake ci. Masana tattalin arziki biyu a Amurka, William Baumol da William Bowen, sun bayyana wannan a 1966: albashin makaɗi dole ya bi na sauran ma'aikata yana hawa, alhali aikin da yake fitarwa a awa bai ƙaru ba. Yawan makaɗan kuma ya danganta da mai tsara kiɗan: kiɗan Mozart mutum arba'in sun ishe shi. Na Mahler kan buƙaci fiye da ɗari, sai an ɗauko na haya daga waje.

Ranar ɗaukar sabon makaɗi ta fi kowace rana nauyi a gidan. Kujera ɗaya kan jawo masu nema daga ƙasashe da dama. Ana kafa labule tsakanin mai gwaji da alƙalai, a wasu wuraren har a shimfiɗa darduma don kada ƙarar takalmi ta nuna mace ce ko namiji. Mutum ya shekara ashirin yana koyo, amma 'yan mintoci za a ba shi. Sau da yawa a tashi ba a ɗauki kowa ba. Wanda ya yi nasara zai yi shekara guda ta gwaji, sannan abokan aikinsa su kaɗa masa ƙuri'a. Ban ga laifin wannan tsantseni ba, domin wanda aka tabbatar yana iya zama har ritaya, kuma albashin shekara talatin ke nan aka ɗora wa gidan a yini ɗaya.

Kuɗin tikiti ba ya biyan ko rabin wannan ɗawainiya. Tun asali makaɗan fada ne, kamar namu, sarki ke ci da su. Okestrar Dresden a fada aka kafa ta a 1548. Yau birni da jiha ne suka gaji nauyin. A Amurka attajirai masu ba da gudummawa aka dogara da su, kuma ranar da hannunsu ya yi sanyi ana ji a jika. Okestrar Philadelphia, duk da sunanta, ta kai kanta kotu a 2011 tana neman kariya saboda matsin kuɗi, ta Minnesota kuma ta rufe wa makaɗanta ƙofa fiye da shekara guda daga 2012 kan batun rage albashi. Jamus ma ba ta tsira ba: a 2016 gidan rediyon SWR ya haɗe okestrocinsa biyu suka zama ɗaya don rage kashe kuɗi.